An haɗa layuka da NIN, amma har gobe da waya ake cinikin kuɗin fansa a Zamfara: ina gizo ke saƙar?

Duk wanda ya taɓa wuni a layin rajistar NIN a Gusau ko Ƙauran Namoda, ko ya wayi gari ya tarar an toshe masa layi, yana riƙe da wata tambaya da har yau ba a ba shi amsar da ta gamsar da shi ba. An ce da zarar an haɗa kowane layin waya da lambar shaidar ɗan ƙasa, duk wanda ya yi ta'asa da waya asirinsa ya tonu. An kuwa haɗa. Hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta tsayar da 14 ga Satumba 2024 a matsayin wa'adin ƙarshe, ta kuma ce tun kafin ranar an haɗa layuka sama da miliyan 153. Amma idan aka ɗauki mutum a hanyar Ɗansadau ko a gonarsa a Zurmi, har gobe da waya ake kiran 'yan'uwansa, a yi ta ciniki kwana da kwanaki, a faɗi inda za a kai kuɗi da lokacin da za a kai.

Talaka bai kaɗaita da wannan tambaya ba. A watan Janairun 2024, tsohon ministan sadarwa Farfesa Isa Ali Pantami, wanda a zamaninsa aka fara tsarin, ya fito ya ce tsarin yana aiki, hukumomin tsaro ne ya kamata a tambaya dalilin da ba sa amfani da shi yadda ya dace. Kafin mutum ya ɗauki ɓangare, yana da kyau ya san me kowace lamba ke nunawa, me waya ta sauya a rayuwar jihar, da kuma inda iyakar fasahar take.

## Lambobi huɗu da ake cakuɗawa

NIN lamba ce mai alƙaluma 11 da hukumar rajistar 'yan ƙasa, NIMC, ke bayarwa, bayan ta ɗauki hoton fuska da zanen yatsun mutum. BVN ita ma alƙaluma 11 ce, amma ta banki ce: Babban Bankin Najeriya da bankuna suka fito da ita a 2014 domin duk asusun da mutum ya buɗe, ko a wane banki, ya koma ga mutum ɗaya. Ta uku ita ce lambar layi. Tun 2011 ake yi wa layuka rajista, sai a Disambar 2020 gwamnatin tarayya ta ce a ɗaure kowane layi da NIN, a ranar 4 ga Afrilun 2022 kuma aka hana layuka sama da miliyan 72 kiran waya saboda ba a haɗa su ba. Ta huɗu ba kowa ya san da ita ba, wato IMEI, lamba mai alƙaluma 15 da ke jikin ita kanta wayar. Wanda ya danna *#06# zai ga tasa. Ko an canza layi, wannan lambar tana nan, kuma kamfanin sadarwa yana ganinta duk lokacin da wayar ta hau sabis.

Abin lura shi ne, NIN tana faɗin sunan wanda ya yi rajistar layi ne kawai. Hannun da layin yake ciki a daren yau, wannan ba ta san shi ba. Yawancin ruɗanin da ake ciki daga nan ya taso.

## Daga layin naira dubu ashirin zuwa aljihun kowa

A watan Agustan 2001 MTN da Econet, wanda yanzu ake kira Airtel, suka fara aiki a Najeriya. Kafin nan layukan NITEL a faɗin ƙasar ba su kai rabin miliyan ba. Layi ɗaya a lokacin yana kai naira dubu ashirin ko fiye, kira kuwa naira 50 ne a minti, ko da daƙiƙa biyar ka yi magana, har sai da Glo ya zo a 2003 da lissafin daƙiƙa. Waɗanda suka ga zamanin suna tuna masu laima da teburi a bakin titi, inda ake biya a yi kira.

Yau manomin shinkafa a Bakalori ba ya ɗora buhu a mota sai ya kira ya ji yadda kasuwa ta tashi a Gusau. Dillalin shanu yana tura hoton sa ga mai saye a Legas, a daidaita kafin tirela ta tashi. Ɗan ci-rani da ke tura baro a Fatakwal ba ya jiran wani mai zuwa gida ya ba shi saƙo. Sana'o'in da babu su a da sun tsiro: masu gyaran waya, masu cajin waya da janareta ko sola a garuruwan da wutar lantarki ba ta zama, masu tura wa'azi da karatu a memori, 'yan POS. Matan da ke cikin kulle suna baje kolin atamfa da turaren wuta da kayan ƙwalam a WhatsApp, a biya su ta taransifa, yaro ya kai kaya, ba tare da sun taka ƙofar gida ba. Wannan kaɗai ya rage wa wasu gidaje dogaro da tallan yara mata.

Hukuma ma ta bi wannan hanya. A 2012 gwamnatin tarayya ta fara raba takin zamani mai rangwame ta saƙon waya. Ɗalibin da zai rubuta JAMB sai ya tura NIN ɗinsa ta layin waya kafin ya samu lambar rajista, kuma da wannan layin zai ci gaba da hulɗa da hukumar. Saboda haka lokacin da NCC ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har zuwa kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, abin da ya ƙaru kuɗin gudanar da sana'a ne ga mutane da yawa. Kamfanonin sun kafa hujja da tsadar man dizal da faɗuwar naira, da cewa sun haura shekara goma ba su yi ƙari ba. Ƙungiyoyin ƙwadago kuma suka ce albashi da ciniki ba su tashi daidai da haka ba. Duka maganganun biyu gaskiya ne, kuma aljihun mai layi ne ya cike giɓin.

## Wata ukun da Zamfara ta yi babu sabis

Babu jihar da ta ɗanɗani abin da rashin waya ke nufi a 'yan shekarun nan kamar Zamfara. A 26 ga Fabrairun 2021 aka kwashe ɗalibai mata 279 daga makarantar Jangebe da ke Talatar Mafara. A 1 ga Satumba aka sake ɗaukar ɗalibai sama da 70 a makarantar Kaya da ke Maradun. Kwana biyu bayan haka, bisa roƙon gwamnan jihar na lokacin, Bello Matawalle, NCC ta umarci kamfanoni su kashe sabis a duk faɗin jihar. An ce na mako biyu ne da farko. Gusau ba ta ga sabis ba sai 1 ga Oktoba, sauran ƙananan hukumomin kuwa sai ƙarshen Nuwamba. Tare da wannan aka rufe kasuwannin mako, aka hana sayar da fetur a jarka da safarar dabbobi. Katsina da Sakkwato da Kaduna suka bi sahu a wasu ƙananan hukumominsu. An taɓa yin irin haka a Borno da Yobe da Adamawa a 2013, lokacin dokar ta-ɓaci.

Hujjar masu goyon bayan matakin a fili take. Ɗan bindigar daji ba ya kai hari da ka. Akwai infoma a cikin gari da ke gaya masa wane ne ya sayar da shanu, wace hanya sojoji suka bi, wace mota ta taso daga tasha. Da waya yake yin odar fetur da burodi da ƙwaya, da ita yake kiran wata daba ta kawo masa ɗauki, da ita yake cinikin fansa. Idan aka yanke wannan jijiya lokacin da sojoji ke kutsawa daji, an makantar da shi. Gwamnatin jihar ta ce hakan ya faru, kuma a makonnin farko mutane da dama a Gusau sun ce sun ga sauƙi, domin masu kai wa daji kaya sun shiga taitayinsu.

Masu suka kuma suna nuni da abin da ya faru a ƙauyuka. Wayar da infoma ke amfani da ita, ita ce mutumin ƙauye ke kiran maƙwabtan gari da ita ya ce ga babura nan sun nufo ku, a kwashe mata da yara. Ita ce ake kiran jami'an tsaro da ita. Da aka kashe sabis, an riƙa kai hari a ƙare, labari bai iso Gusau ba sai wanda ya tsira ya iso da ƙafarsa. Iyalan da aka riga aka ɗauki nasu suka rasa hanyar jin ko suna raye. Na'urorin POS suka tsaya, ciniki ya tsaya, mutane suka riƙa biyan kuɗin mota zuwa Funtuwa don kira ɗaya ko cire kuɗi, kafin can ma a katse. Su kuwa 'yan bindigar da ke kusa da iyaka, ta wajen Zurmi da Shinkafi, an ruwaito cewa sun koma hawa sabis ɗin Jamhuriyar Nijar, wasu kuma suna da wayar tauraron ɗan'adam da oba-oba. Da yawansu sauya sheƙa kawai suka yi zuwa gabashin Sakkwato, inda aka kashe sama da mutum 40 a kasuwar Goronyo a watan Oktoban shekarar. A farkon Janairun 2022, makonni kaɗan da dawo da sabis, aka afka wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Gwamnati ta ce mutum 58 suka mutu, mazauna yankin suka ce sun kai 200.

Abin da za a iya cirowa daga wannan gwaji shi ne, kashe sabis yana rikita ɗan bindiga na ɗan lokaci, kuma amfaninsa ya rataya ne ga abin da aka yi a ƙasa cikin wannan lokacin. Idan ya daɗe, mai kuɗin sayen wata hanyar sadarwa shi ke fara farfaɗowa, kuma a wannan rikici mai kuɗin yana cikin daji.

## Me bin sawun waya ke iya yi?

Duk kiran da aka yi yana barin sawu. Kamfani yana da bayanin lambar da ta kira, wadda aka kira, lokaci, tsawon magana, IMEI na wayar, da ƙarfen sabis ɗin da ya ɗauki kiran. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta wajabta wa kamfanoni ajiye irin waɗannan bayanai na shekara biyu. Ƙa'idojin NCC na 2019 kuma sun ba hukumomin tsaro damar sauraron kira da izinin alƙali, ko a yanayin da rai ke cikin haɗari su fara sauraro sannan su nemi izinin cikin awa 48. To ina matsalar?

Ta farko ita ce layin da ake kira da shi. Sau da yawa da wayar wanda aka sace ake kiran danginsa. Idan aka duba rajista, sunan da hoton da za su fito na wanda ke ɗaure ne a gindin bishiya. Wani lokacin layin na wani ne da aka ƙwace wa waya a hanya, ko wanda aka saya da rajistarsa a shirye. NCC da kanta ta faɗa a Agustan 2024 cewa ta gano mutanen da ke da layuka fiye da kima da sunansu, wasu har sama da dubu ɗari. Ana samun haka ne idan wakilin rajista marar amana ya sa mutum ya dangwala yatsa sau uku ko huɗu, yana ce masa na'ura ba ta ɗauka ba, alhali kowace dangwalawa sabon layi ne.

Ta biyu ita ce gano wuri. A cikin Gusau, inda ƙarafunan sabis suke kusa da juna, ana iya taƙaita inda waya take zuwa unguwa ko 'yan layuka. A gefen dajin Sububu ko Kuyambana ƙarfe ɗaya ne ke ɗaukar kilomita masu yawa ta kowace fuska, don haka abin da zai nuna shi ne mai kiran yana wani wuri cikin fili mai faɗin gaske. Ɗan bindiga ya san da haka. Yana hawa babur ya je kan tudu ko dutsen da ake samun sabis, ya yi kiransa, ya kashe waya, ya koma inda babu sabis ko kaɗan.

Ta uku ta fi sauran nauyi. A Zamfara ba a cika jahiltar su wane ne manyan 'yan bindiga ba, ko inda suke. Mutanen Shinkafi sun san yankin Bello Turji, shi da kansa yana fitar da bidiyo da fuskarsa a buɗe. Wasu yaran daba suna baje kuɗi a TikTok. A Satumbar 2025 Gwamna Dauda Lawal ya faɗa a bainar jama'a cewa ya san inda kowane jagoran 'yan bindiga yake a jihar, har yana iya nunawa a wayarsa, amma ba shi ke ba sojoji da 'yan sanda umarni ba. Wasu sun ɗauki maganar a matsayin siyasa tsakanin jiha da tarayya, wasu suka ce gaskiya ya fasa. Ko ma yaya aka ɗauke ta, ta nuna cewa sanin wuri mataki ne na farko kawai. Bayan shi akwai hanya marar kyau, da bama-baman da aka fara dasawa a wasu hanyoyin jihar, da ƙarancin jami'ai, da kuma tsoron kada a buɗe wuta a sansanin da ke cike da mutanen da aka sace.

Wannan ba ya nufin haɗa layi da NIN aikin banza ne. Inda ya fi tasiri shi ne a cikin gari: ɗan damfara, ɓarawon waya, mai barazana ta saƙo, da infoma ko mai kai kaya daji wanda yake kwana a gidansa kuma yake amfani da layinsa. Layukan da ke aiki a ƙasar sun sauko daga kusan miliyan 219 a Maris 2024 zuwa kusan miliyan 155 a Satumba, kuma cikin dalilan hakan akwai share tarin layukan da ba a tantance masu su ba. Amma cikin waɗanda aka toshe har da tsofaffin da zanen yatsunsu ya goge saboda noma, da matan da sunansu na rajistar layi ya saɓa da na NIN, da mutanen ƙauyukan da zuwa cibiyar rajista ke nufin bin hanyar da ake tare mutane.

Ana kuma muhawara kan shirin gwamnatin tarayya na kafa dubban sabbin ƙarafunan sabis a karkara. Wasu na ganin sabis a bakin daji sauƙi ne ga ɗan bindiga. Masana sadarwa suna amsawa da cewa yawan ƙarafuna shi ke sa a iya taƙaita inda kira ya fito, kuma wurin da babu sabis shi ne maɓoyar da ta fi kowace. A 2024 Shugaba Tinubu ya sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da taɓa su babban laifi ne, sai dai ƙarfen da ke Ɗansadau yana buƙatar dizal da injiniya, kuma dukansu ta hanya ɗaya za su bi su isa.

## Kuɗi sun koma cikin waya

A 26 ga Oktoban 2022 gwamnan Babban Banki na lokacin, Godwin Emefiele, ya sanar da sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000. Cikin dalilan da aka bayar har da daƙile biyan kuɗin fansa. Abin da ya biyo baya kowa ya gani: a farkon 2023 mutane suka riƙa sayen naira da naira a wurin 'yan POS. Zamfara na cikin jihohi uku, tare da Kaduna da Kogi, da suka fara kai gwamnatin tarayya Kotun Ƙoli, wadda a 3 ga Maris 2023 ta ce tsofaffin kuɗi su ci gaba da aiki.

Satar mutane ba ta tsaya ba. Dama fansa ba tsabar kuɗi ce kaɗai ba, ana neman sabbin babura, da fetur, da buhunan abinci, da katin waya. Amma wahalar ta bar wani sauyi da ya zauna daram. Mai nama da mai shayi da mai kayan miya da a da ba sa yarda da taransifa sun buɗe asusu a waya. A manhajoji irin su OPay da PalmPay, lambar wayar mutum ita ce lambar asusunsa idan aka cire sifirin farko. A ƙananan hukumomin da reshen banki ya yi ƙaranci ko babu shi sam, ɗan POS shi ne banki.

Daga nan dokoki suka yi ta sauka. A Disambar 2023 aka ce ko ƙaramin asusu sai da BVN ko NIN. A 2024 aka umarci 'yan POS su yi rajista da hukumar rajistar kamfanoni, CAC. A Disambar shekarar aka ƙayyade cewa mutum ɗaya ba zai cire fiye da naira 100,000 a rana a wurin wakili ba, shi kuma wakilin kada abin da ya fitar a rana ya wuce miliyan 1.2. A Agustan 2025 aka ce kowace na'ura a ɗaure ta da wurin da aka yi mata rajista, ta yadda za a san inda take aiki.

Babban Banki yana kallon waɗannan a matsayin hanyar toshe kafar da kuɗin haram ke bi, kuma gaskiya ne an sha kama masu POS da hannu a karɓa ko rarraba kuɗin fansa. Ɗan kasuwa kuma yana kallon abin ta wata fuska. Ranar Alhamis a kasuwar Shinkafi, ko Talata a Mafara, naira dubu ɗari ba ta sayen sa ɗaya. Mai sayen hatsi daga hannun manoman da ba su da asusu dole ya riƙe tsaba, don haka sai ya rarraba cirewa wurin wakilai da yawa yana biyan caji kowane wuri, ko ya ɗauko kuɗi daga Gusau ya bi hanya da su a jiki, abin da POS ɗin ya zo ya raba shi da shi. Wakilin da sana'arsa ita ce bin kasuwannin mako da na'ura a jaka shi ma dokar ɗaure na'ura da wuri ɗaya ta shafe shi kai tsaye.

Akwai kuma sabon haɗari. A da ɗan fashi abin da ke aljihunka yake ɗauka. Yanzu yana iya sa ka buɗe waya ya ga abin da ke asusunka, kuma alat ɗin da ya gani shi zai zama ma'aunin abin da zai nema daga danginka.

## Lambar da aka gani a wayarka

Sashe na 37 na kundin tsarin mulki ya kare sirrin gidan ɗan ƙasa da wasiƙunsa da hirarsa ta waya. A Yunin 2023 aka sa hannu kan dokar kare bayanan jama'a. Rundunar 'yan sanda ta sha nanata cewa jami'anta ba su da hurumin tsayar da mutum a hanya su hau binciken wayarsa haka kawai. Wannan shi ne abin da ke rubuce.

A ƙasa kuwa, waya ta zama shaidar da ake yanke wa mutum hukunci da ita tun kafin a je gaban alƙali. A Yunin 2022 Zamfara ta yi dokar da ta tanadi hukunci mai tsanani, har da kisa, kan ta'addancin daji da taimaka masa. Kowa ya yarda infoma babbar masifa ce. Amma lambar ɗan bindiga a wayar mutum tana iya nufin abubuwa da yawa. Tana iya zama ta mai cin amanar garinsu. Tana iya zama ta wanda ya yi sati uku yana roƙon a sako ƙanwarsa. Tana iya zama ta wakilin da gari ya naɗa ya yi maganar harajin da aka ɗora musu kafin a bar su su girbe gero. Idan 'yan sa-kai ko askarawa, wato jami'an tsaron al'umma na jihar, suka tsaya a kan ganin lamba kawai, ba tare da an duba yaushe aka yi kiran da abin da ya sa ba, wanda aka zalunta sau ɗaya sai a sake zaluntarsa. Irin wannan hukunci na gaggawa yana cikin abubuwan da suka rura wutar ramuwar gayya tsakanin Hausawa da Fulani tun farkon rikicin.

Labarin hari ma yanzu ta guruf-guruf na WhatsApp da Facebook yake fara fita. Ya ceci rayuka, domin direba yana jin an tare hanyar Tsafe ya dakata. Ya kuma jawo firgici, idan aka ɗauko tsohon bidiyo ko na wata ƙasa aka ce yau ne a Bungudu. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet, wanda aka gyara a 2024, ya tanadi hukunci ga mai yaɗa abin da ya san ƙarya ne don ta da hankali. 'Yan jarida da masu kare haƙƙi suna ƙorafin cewa ana amfani da shi wajen tsorata masu faɗin gaskiyar da ba a so a ji. Malamai kan tunatar da aya ta 6 a Suratul Hujurat kan tantance labari, da aya ta 12 da ta hana bin diddigin asirin mutane, kuma ta biyun ta shafi cikin gida ma, inda binciken wayar miji ko ta mata ya zama sanadin rigingimun aure da dama.

Sai masu ba da bashi ta manhaja, waɗanda ke neman izinin shiga lambobin da ke wayar mutum kafin su ba shi kuɗi, idan ya makara su tura wa surukansa da abokan aikinsa saƙon tozarci. Hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta fara dirar musu a 2022. A garin da mutunci ya fi kuɗin da aka ranta tsada, ɓarnar ta riga ta auku kafin hukuma ta ji.

## Abin da ya rage a wuyan mai layi

Tunda doka ta ɗaure layi da mutum, duk abin da aka yi da layin da ke ɗauke da NIN ɗinka, ƙofarka za a fara ƙwanƙwasawa. Yi wa maƙwabci ko yaron shago rajistar layi da sunanka alheri ne da ka iya zama jidali. Wanda aka ƙwace wa waya, ko aka sako shi daga daji ba tare da ita ba, abu na farko shi ne ya sa banki ya rufe asusun da ke haɗe da layin, ya sanar da 'yan sanda, sannan ya je ofishin kamfani a toshe layin a yi masa walkam bak. Lambar sirrin da banki ke turowa ta saƙo ba a karanta wa kowa ita, ko da mai kiran ya ce daga banki yake, ko daga ofishin rabon tallafi. Ƙorafin da kamfani ya ƙi saurara ana kai shi ga NCC ta lamba 622.

Akwai wata ƙa'ida da ta fi shafar Zamfara fiye da yawancin jihohi. Layin da aka daina amfani da shi, bayan wata shida kamfani yana dakatar da shi, idan ya kai kimanin shekara kuma yana iya sayar wa wani. Mutumin da ya gudo daga ƙauyensu ya bar waya a ɗaki, ya zauna a Anka ko Gusau yana fama da abin da za a ci, ba layi ne a gabansa ba. Amma BVN ɗinsa da asusunsa da rajistar tallafinsa duk suna rataye da wannan lambar, kuma ranar da aka sayar da ita, saƙon bankinsa wayar wani baƙo zai riƙa shiga. Wanda ya san ba zai koma kan tsohon layi ba, sai ya je banki da kansa a cire lambar daga asusunsa da BVN ɗinsa a sa sabuwa, ya kuma gyara ta a ofishin NIMC.